ƊIYANMU DA LABARIN KAFA ƘASA
Jawabin malaman lakwal a taron shekara na ƙungiya

 

Mai gari, liman, iyayenmu dattawa maza da mata, shugaban ƙungiya da ƴan biro, da ku ƴan uwa da kunka taso daga Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, har da na Kano da Legas da Abijan, muna gaishe ku, muna yi maku barka da zuwa. Mun gode da kunka ba mu wuri mu yi magana gaban manya. Mu yara ne gare ku. In mun faɗi daidai, daga tarbiyyarku ne. Inda kunka ga gyara, ku gyara mana.

Maganar da munka zo da ita yau ita ce: mi za mu gaya ma ɗiyanmu game da yadda anka kafa ƙasar ga tamu ta Nijar, da takardun da anka kafa ta bisa kansu, da mutanen da sunka ja gaba tun farko?

1. Abin da ya sa munka ɗauko wagga magana

Yaronmu na lakwal yana haddace ranaku da Faransanci. Ka tambaye shi ranar ƴancin kai, nan take zai ce maka 3 ga Agusta 1960. Amma in ya koma gida kakarshi ta ce: "To, mi ya faru ran nan? Wa ya ba wa mi?", sai ya yi shiru. Haddar tana cikin kaye, ba ta sauka cikin kai ba. Ɗiyan da ke bariki tare da ku, ƴan uwa, nasu ya fi wuya, don sun yi nisa da hirar tsohi.

Abu na biyu, lokaci yana ƙure mana. Zamanin da anka yi ƙuri'ar 1958, sai mai shekara 21 ke jefawa. Ke nan duk wanda ya jefa ƙuri'a ran nan, in Allah ya bar shi da rai, ya haura shekara 85. Waɗanda sunka ga bikin 1960 suna yara masu wayo, su ma sun wuce 70. Su ne littafinmu na gaskiya, kuma kowace shekara muna rufe shafi. Abin da ba mu karɓa daga bakinsu ba yanzu, babu inda za mu same shi gobe.

2. Labarin a taƙaice, yadda muke ba yara shi

Muna farawa daga abin da kakanninsu sunka sha a jikinsu. Nasara ya shigo da bindiga a ƙarshen ƙarni na 19. A 1899 Sarauniya Mangu ta tare su a Lugu, kuma a shekarar ne sunka ci Damagaram. A 1922 anka mai da ƙasar mulkin mallaka sosai, a 1926 anka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai. Tsakanin nan talaka ya san lanho, ya san kumandan da dogaranshi, ya san aikin tilas: a ɗebi samari daga gona a kai su gyaran hanya ko ɗaukar kaya, babu lada.

Shekarar 1946 ita ce mafarin sauyi. A watan Afrilu majalisar Faransa ta yi dokar da ta hana aikin tilas, dokar da ke ɗauke da sunan Ufuwet Buwanyi na Kodibuwa. A watan Mayu anka kafa jam'iyyar PPN a Yamai, wadda daga baya ta haɗa kai da babbar ƙungiyar RDA da anka kafa a Bamako cikin Oktoba na wannan shekara. A 1956 anka yi wata doka wadda ta ba kowane baligi, mace da namiji, damar jefa ƙuri'a, ta kuma ba ƙasashen da ke ƙarƙashin Faransa ƴar gwamnati ta cikin gida. Da ita ne Jibo Bakari ya hau kan gwamnatin farko ta ƴan ƙasa a 1957.

Sai babbar rana, 28 ga Satumba 1958. Janar Digol ya ce kowace ƙasa ta zaɓa: "I", ta zauna cikin tarayya da Faransa, ko "A'a", ta karɓi ƴancinta nan take, Faransa ta janye hannunta da kuɗinta. Jibo Bakari da jam'iyyarshi ta Sawaba sunka ce A'a. Jori Hamani da Bubu Hama da ƴan RDA, tare da mafi yawan sarakuna, sunka ce I. Faransa ta aiko da sabon gwamna, Kolombani, wanda ya sa duk ƙarfin mulki wajen I. Da anka ƙidaya, I ta samu wajen 78 cikin 100, amma waɗanda sunka fita jefa ƙuri'a ba su kai rabin masu rajista ba. Ƙasar Gine ta Seku Ture kaɗai ta ce A'a.

Gwamnatin Jibo ta faɗi. Anka sake zaɓe, ran 18 ga Disamba 1958 anka yi shelar Jamhuriyar Nijar, Jori Hamani ya zama shugaban gwamnati, Bubu Hama shugaban majalisa. A watan Maris 1959 anka fito da tsarin mulki na farko. Ran 23 ga Nuwamba 1959 anka tsai da tuta. Ran 3 ga Agusta 1960 anka samu ƴancin kai. Maƙwabtanmu ma a makon nan ne: Dahome ran 1, mu ran 3, Hotbolta ran 5, Kodibuwa ran 7. Ran 8 ga Nuwamba 1960 anka kafa tsarin mulkin ƙasa mai ƴanci, Jori ya zama shugaban ƙasa na farko.

Wanga shi ne ƙashin labarin. Yaro mai shekara 11 yana iya riƙe shi, in an ba shi da harshen da yake mafarki da shi.

3. Mine ne tsarin mulki?

Nan ne wuyar aikin take, don yaro bai taɓa ganin takardar ba, kuma da yawa cikin iyaye ma ba su gan ta ba. Sai munka samu misali kusa da gida: dokar wagga ƙungiya tamu. Sa'ad da kunka kafa ta, kun zauna kun rubuta wa ke zama mamba, nawa kowa ke zubawa, wa ke riƙe asusu, shekara nawa shugaba ke yi, yaya ake sake shi, kuma mi ake yi in ma'aji ya taɓa kuɗi. Shugaban ƙungiya da kanshi ba ya iya fitar da dala ɗaya sai yadda takardar ta ce. To, tsarin mulki shi ne irin wagga takarda, amma ta ƙasa baki ɗaya. Ita ce uwar dokoki. Kowace doka daga gare ta take fitowa, kuma babu wadda ta isa ta saɓa mata.

Tsarin mulkin 1960 ya ce iko na jama'a ne. Ya ce ƙasar ɗaya ce, ba ta rabuwa, kuma kowa daidai yake gaban doka, ba a duba ƙabilarshi ko addininshi. Ya raba aiki uku: majalisa ta yi doka, shugaban ƙasa da ministocinshi su zartar, alƙalai su yi shari'a. Ya sa ma shugaba wa'adin shekara biyar. Ya ce Faransanci ne harshen aikin gwamnati.

Muna kuma gaya ma yara cewa takarda ba ta tsare kanta. Tsarin 1960 ya yarda da jam'iyyu, amma tun Oktoba 1959 an riga an haramta Sawaba, ƙasa ta zauna da jam'iyya guda. A 1965 da 1970 Jori ya tsaya zaɓe babu abokin takara. Ran 15 ga Afrilu 1974, cikin tsananin fari da yunwa, soja sunka karɓi mulki ƙarƙashin Saini Kunce, anka jingine tsarin mulkin. Daga baya anka yi wasu: na 1989 zamanin Ali Shaibu, na 1992 bayan babban taron ƙasa na 1991, na 1996, na 1999, na 2009, da na 2010, wanda anka dakatar a watan Yuli 2023. A watan Maris 2025 anka fito da kundin sake gina ƙasa, wanda ya ambaci Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki.

Yaro mai wayo zai tambaya: "Mushe, in kullum ana sake ta, mine ne amfaninta?" Amsar da muke ba shi ita ce: duba dokar ƙungiyar garinku. Abin da ya riƙe ta shekara da shekaru shi ne mambobi sun san abin da ke ciki, kuma ran taro suna tashi su ce a karanta lissafi. Dokar da masu ita ba su san ta ba, kowa na iya naɗe ta ya sa aljihu. Don haka ne muke so ɗiyan manoma su san tasu.

4. Mutanen farko

Akwai abin da muke alfahari da shi, mu malamai: manyan mutanen nan uku duk malaman lakwal ne, duk kuma sun yi karatu a makarantar William Ponty ta ƙasar Sanagal. Alli da allo sunka fara riƙewa kafin su riƙi ƙasa. Kuma sun yi haka a lokacin da, cikin yara 100, waɗanda ke lakwal ba su kai 5 ba.

Jori Hamani, an haife shi a 1916 a Sudure, kusa da Yamai. Ya koyar a lakwal nan ƙasar, ya kuma koyar da Hausa da Zabarmanci a birnin Paris. A 1946 anka zaɓe shi dipite a majalisar Faransa. Ya shugabanci ƙasa daga 1960 zuwa 1974. Zamaninshi anka fara haƙar uraniyom a Arlit, anka kafa jami'a a Yamai. Lokacin yaƙin basasar Najeriya ya tsaya bayan haɗin kan maƙwabciyarmu. Daren juyin mulki anka kashe matarshi, Hajiya A'isa, shi kuma anka tsare shi shekaru. Ya rasu a Rabat ta ƙasar Maroko a 1989. Filin jirgin saman Yamai sunanshi anka sa ma.

Bubu Hama, an haife shi a 1906 a Foneko, ƙasar Tera. Ya riƙe majalisa daga 1958 zuwa 1974. Shi ne ya bi tsohi da maroƙa da malamai yana tattara tarihin baka da tsofaffin rubuce-rubucen ajami da Larabci, ya rubuta littattafai masu yawa. Gidan tarihi na Yamai, wanda anka buɗe a 1959, sunanshi yake ɗauke da shi. Ya rasu a 1982. Aikin da za mu roƙe ku a ƙarshen jawabin ga, shi ya fara shi.

Jibo Bakari, an haife shi a 1922, shi ma a Sudure, kuma ɗan uwan Jori ne na jini. Ya bar koyarwa ya shiga ƙungiyar ƙwadago. Shi ne magajin garin Yamai na farko a 1956. Ƙarfin Sawaba yana wajen ƙananan ƴan kasuwa, direbobi, leburori da masu sana'ar hannu, kuma tana da jama'a da yawa a ƙasar Maraɗi da Tasawa da Damagaram. Bayan 1958 ya yi gudun hijira, ya dawo a 1974, anka tsare shi daga 1975 har shekaru da dama. Ya rasu a Yamai a 1998. A watan Oktoba 2024 anka cire sunan Digol daga wani babban titi na Yamai anka sa nashi.

Ban da su akwai wasu, kamar Jorji Konda, haifaffen Maraɗi, wanda ya shugabanci majalisa kafin Bubu Hama, da Abdullahi Mamani, ɗan Sawaba, wanda ya rubuta littafi kan Sarauniya a 1980. Akwai kuma waɗanda babu sunansu cikin littafi: matan da sunka yi waƙa da guɗa a tarukan jam'iyya, da samarin da sunka kai saƙo ƙauye ƙauye bisa keke. Waɗanga, ku ne kunka san su.

5. Inda ciwon yake

Iyayenmu, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mun san siyasar wancan zamani ta raba gidaje. Wa yana RDA, ƙane yana Sawaba. An saki mata saboda ita, an ƙaurace ma masallaci saboda ita. A 1964 ƴan Sawaba sunka shigo da makamai daga ƙetare, gwamnati ta murƙushe su da ƙarfi, an harbe wasu gaban jama'a, an tsare mutane da yawa, wasu sun mutu a kurkuku. A watan Afrilu 1965 anka jefa ma Jori gurneti a filin idi ranar babbar salla, ya tsira, amma jinin bayin Allah ya zuba. Da yawa sun gudu Najeriya da Gana, sun daɗe ba su ga gida ba.

Wasu cikin manya sun ce mana: "Ku bar wannan, kada ku tada tsohon miki." Mun ji, kuma mun san don zaman lafiya kuke faɗi. Amma ku duba. Yaron da ba mu gaya ma ba, zai ji a wayar hannu, daga bakin wanda bai san garin ga ba, wanda ya ɗauki gefe guda ya zagi ɗaya gefen. Gara ya ji daga gare mu, cikin natsuwa.

Ga ƙa'idar da munka ɗauka. Ba mu kiran kowa maci amana cikin aji. Muna faɗin abin da kowane gefe yake tsoro da abin da yake buri. Masu I sun ce ƙasa ba ta da likitoci, ba ta da malamai, ba ta da hanyar teku, in Faransa ta janye rana ɗaya za a sha wuya, a bi sannu. Masu A'a sun ce ƴancin da anka ba ka da igiya a wuya bai cika ba, gara wuya da mutunci. Sai mu bar yara su auna. Ba mu ambaton sunan gidan kowa na garin ga. Kuma muna tuna masu cewa manyan biyu da sunka ja daga, ƴan gari ɗaya ne, ƴan dangi ɗaya. Yaron da ya gane haka, gobe in ya saɓa da ɗan uwanshi kan siyasa, ba zai ɗauko sanda ba.

Haka kuma ba mu mai da shugabannin farko waliyyai. Mutane ne, sun yi na kirki, sun yi kuskure. Yaron da anka ce ma shugaba ba ya kuskure, in ya girma ba zai iya tambayar magajin gari ina kuɗin rijiya ba.

6. Yadda muke yi cikin aji

Na farko, muna bayani da Hausa kafin Faransanci. Wannan ba sabon abu ba ne: tun 1973 anka buɗe lakwal ta gwaji a Damagaram inda ake fara karatu da Hausa.

Na biyu, muna farawa da abin da ido ke gani, don gani ya kori ji. Tuta: ruwan goro a sama, fari a tsakiya da rana cikinshi, kore a ƙasa. Ruwan goro yana tuna mana hamadar arewa, kore yana tuna mana gonakin kudu da bakin kogi. Tambarin ƙasa: rana, mashi da takubba biyu, zangarniyar hatsi uku, da kan sa. Yaro ya duba ya ga manomi da makiyayi da mutanen arewa duk wuri guda. Kirarin ƙasa kalma uku ne: zumunci, aiki, ci gaba. Muna kuma gaya masu cewa taken ƙasa na 1961 Bafaranshe ne ya rubuta kalmominshi, kuma a 2023 anka sake shi da sabo.

Na uku, a farkon shekara kowane aji yana rubuta tashi doka. Yara da kansu ke kawo shawara: wa ke shara, wa ke ɗebo ruwa, yaya ake zaɓen shugaban aji, wata nawa zai yi, mi za a yi in ya zalunci ƙarami. A jefa ƙuri'a da tsakuwa cikin ƙwarya, a ƙidaya gaban kowa, a manna takardar jikin bango. Ranar da shugaban aji ya wuce iyaka, wata ƴar yarinya ta tashi ta nuna mashi bango, ran nan mun san darasin ya shiga.

Na huɗu, tun 1975 anka haɗa ranar 3 ga Agusta da dashen itace. Lokacin hutu ne, amma muna kiran yara su dasa, kowane icce a ba shi mai ban ruwa. Ƙasa ma haka take: dasawa rana ɗaya ce, ban ruwa shi ne aikin.

7. Roƙonmu gare ku

Iyayenmu dattawa, muna roƙo ku ba mu yamma ɗaya a wata. Ku zo lakwal, ko mu kawo yara gindin icce wajenku. Ku gaya masu yadda aikin tilas yake, yadda anka yi shelar ƙuri'a a kasuwa, yadda labarin ƴanci ya iso garin ga, wa ke da rediyo a lokacin. Iyayenmu mata, ku ma muna son naku, don abin da ya faru cikin gida ku kunka gan shi. Za mu ɗauki murya, mu rubuta cikin babban kaye, a ajiye ɗaya a lakwal, ɗaya wajen ƙungiya. Wanda ba ya son a sa sunanshi, ba za a sa ba.

Ƴan uwa na bariki, ku da ke Yamai, ku kai ɗiyanku gidan tarihi ran hutu. In kun bi ta titin da ke da sunan wani daga cikin mutanen nan, ku tsaya ku gaya ma yaro ko wane ne. Ku da ke Kano da Legas da Abijan, ku riƙa turo yara gida lokacin damina su zauna da kakanni. Duk mai tsohuwar takarda cikin adaka, katin jam'iyya, takardar lanho, hoto ko tsohon kuɗi, ya ara mana mu nuna ma yara, mu mayar mashi.

Muna roƙon ƙungiya ta duba asusu ta taimaka da kaye da alli, da taswirar ƙasa guda, da sabuwar tuta. Kuma mafi girma duka: ku bar yara su gama lakwal, mata da maza. Yaron da anka cire daga aji anka tafi da shi cin rani, da yarinyar da anka cire don talla, su ne gobe za a karanta masu takarda a ce su dangwala yatsa.

Waiwaye adon tafiya ne, in ji manya. Mun waiwaya yau don ɗiyanmu su san inda anka fito, su iya riƙe abin da za ku bar masu.

Allah shi jiƙan magabatanmu, na I da na A'a baki ɗaya, shi gafarta masu. Allah shi ba mu damina mai albarka, shi zaunar da ƙasarmu lafiya, shi mai da kowa gidanshi lafiya.